Ruwan Asuba Ya Fi Na La'asar Gudu

Mu mutanen cikin birnin Zazzau akwai abin da ba ma wasa da shi, shi ne layin ruwa. Ka taso daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, ka ratsa Kwarbai ka ɓulla Limancin Kona, da wuya ka sami unguwar da babu wani bawan Allah da ya haƙa burtsatse, ya ɗora tanki a kan dakalin bulo, ya fito da kan famfo biyu ko uku ta jikin katanga don maƙwabta su ɗiba. Allah ya saka musu da alheri, ya kai ladan kabarin iyayensu. Sai dai duk wanda ya tashi a nan ya san famfon nan ba a zuwa masa da gangan. Kafin liman ya sallame asuba jarkoki sun yi sahu, bokitai na biye da su, wani ma dutse zai ajiye ko tsohon silifa ya kama masa layi. Tambayi kowane yaro dalilin wannan sammako. Ba tsoron ƙarewar ruwa kaɗai zai faɗa maka ba, zai ce ruwan safe ya fi gudu.

Kuma gaskiyarsa. Da asuba, tanki na cike, kana kara jarka kafin ka gama gaisawa da na bayanka ta cika. Da la'asar kuwa, famfon nan dai, jarkar nan dai, sai ka yi ta tsayuwa ruwa na zuba siriri. A nan rigima kan tashi, domin mu in ruwa ya rage gudu sai mun nemo wanda ya rage shi. Yaron gidan da aka ɗora wa buɗewa da rufewa shi ke shan magana.

"Kai ɗan nan, ka sake murɗe abin nan daga ciki ko? Don ka ga mu ne a layi?"

"Wallahi Goggo ban taɓa komai ba. Yadda Baba ya buɗe tun safe haka yake."

"To ina ƙarfin ya tafi?"

Tambayar Goggo tambaya ce mai kyau, yaron kuma bai yi ƙarya ba. Ƙarfin ya tafi ne cikin jarkokin waɗanda suka riga ta zuwa. Ruwa abu ne mai nauyi, lita ɗaya kilo ɗaya. Ɗan ga-ruwa da ke tura kura mai jarka goma ya fi kowa sanin haka, don kilo 250 yake turawa ban da nauyin ƙarfen kurar. To a cikin tanki, ruwan da ke ƙasa shi ke ɗauke da nauyin na samansa, kamar buhunan masara da aka jibga a rumbun ɗan kasuwa, na ƙasa shi ke shan danniya. Da an buɗe wa ruwan ƙasa hanya, wannan danniya ce ke tunkuɗo shi waje. Da asuba akwai ruwa mai tsayi a bisa bakin famfo, danniya ta yi yawa, sai ya fito da gudu. Da la'asar ya sauka, saura kamu ɗaya ko biyu a bisa bakin, ba abin da zai tura shi sosai.

A majalisarmu ta bayan magariba akwai wani dattijo da ya daɗe yana koyar da kimiyya kafin ya yi ritaya, shi ke raba mana irin wannan gardama. In aka ce, "Allah gafarta Malam, wai me ke kawo haka?" sai ya gyara zama. Daga bakinsa da yawanmu muka fara jin sunan Toricelli, mutumin Italiya, wanda ya zauna da masanin kimiyya Galiliyo a ƙarshen rayuwar Galiliyon, ya kuma wallafa lissafin wannan al'amari a 1644. Abin da ya gano shi ne, ruwan da ke fita ta huda yana fita ne da irin gudun da dutse zai yi in an sake shi daga saman ruwan ya faɗo zuwa daidai hudar. In ruwan ya ɗara hudar da mita 1, zai fito da gudun mita 4 da ɗoriya a sakan ɗaya. In ya ɗara ta da mita 4, zai kusa mita 9. Wato sai tsayi ya ninka sau huɗu kafin gudu ya ninka sau biyu. Malam ya ce a ɗauka tanki zai tsiyaye ƙaf cikin minti 100 ta famfon da ke gindinsa. Rabin sama zai tafi cikin minti 29, rabin ƙasa kuwa sai ya ci minti 71. Ranar da ya faɗi haka mai shayinmu ya ajiye ludayi ya ce ashe shi ya sa matarsa ke tashin yara tun duhu, ita ta san lissafin ba tare da ta je aji ba.

Haka ne kuwa, mun san abin nan da hannuwanmu. Dubi diron da ke ƙarƙashin indararo a kowane tsakar gida. In ya huje kusa da baki, Inna ba ta ma ɗaga kai, ta san ɗan na saman ne zai zube ya tsaya. In ya huje a gindi, nan take za ka ji ana kiran yara su kawo baho da bokiti, a kwashe, a kife diron a rana, a nemo kwalta ko a narka tsohuwar roba a liƙe. Hudar gindi tsartuwa take yi, kuma ba ta bari sai ta ga bayan ruwan. Yara ma suna yin nasu binciken da damina. Su sami gwangwanin madara su huda shi da ƙusa wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, su cika da ruwa su yi ta musu kan wace huda ce ta fi harbi. In gwangwanin na ajiye a ƙasa, ta tsakiya ce ke cin nisa, domin ta ƙasan ko da ta fi gudu ba ta da sararin tafiya kafin ta taɓa ƙasa. In suka ɗora shi a kan dakali mai tsayi, sai ta ƙasan ta wuce kowa. Na sha tsayawa kallon wannan wasa, kuma ina ganin malaman firamare da za su shigo da shi aji da yara sun riƙe darasin har girma.

Malam bai yarda a bar wa Turawa labarin su kaɗai ba. Ya ce masu ƙera agogon ruwa a ƙasashen Musulmi sun daɗe da sanin cewa gudun ruwa na raguwa in tulu ya yi ƙasa, kuma agogon da ke gudu da safe ya yi sanyi da yamma ba agogo ba ne. Al-Jazari, wanda ya kammala littafinsa na na'urori a 1206 a Diyarbakir, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, ya yi amfani da ɗan ƙaramin mazubi mai abin da ke yawo a saman ruwa yana toshe hanya yana buɗewa, don tsayin ruwan ya tsaya wuri ɗaya, zubarsa ta daidaita. Ƙwallon robar nan da filamba ke sa mana a cikin tanki don ya tsayar da ruwa in ya cika, dabarar ke nan.

Inda muke yawan asarar kuɗi shi ne wajen sayen tanki. Mutum ya yi bene, ya sa shawa, ya ga ruwa na ɗiga da ƙyar, sai ya yanke cewa tankin ne ya yi kaɗan. Ya tafi Sabon Gari ya sayo babba, wanda ya ninka na da, ya ɗora a inda tsohon yake, ya shiga wanka ya tarar kusan jiya i yau. Filamba ya faɗa masa tun farko.

"Ranka ya daɗe, ba girma ba ne, tsayi ne. A ƙara wa ƙafafun ƙarfen nan tsawo."

"Kai dai kana son a yi walda ne ka sami na cefane."

Filamban ne da gaskiya. Faɗin tanki ba ya ƙara ƙarfin ruwa ko kaɗan, yawan ruwan kawai yake ƙarawa. Siririn bututu mai tsayin mita 5 da ƙaton tanki mai zurfin mita 5, danniyar da ke gindinsu ɗaya ce. Wannan magana tana da wuyar haɗiya, ni ma na ga manyan mutane sun ƙi ta a majalisa har sai da aka gwada da tiyo a gabansu. Akwai kuma wata riba ta ɗaga tanki da Goggo za ta so ta ji. Tanki mai tsayin mita 2 in yana kan ƙafafu masu mita 6, famfo kuma yana ƙasa, to ruwan safe daga mita 8 yake sauka, na yamma daga mita 6. Bambancin gudunsu kusan kashi 13 cikin 100 ne kawai. Duk wanda Allah ya hore wa zai yi sadakar famfo, ya ɗan ƙara a kuɗin ƙarfe, zai kashe rabin faɗan da ake yi a ƙofar gidansa.

Amma ina roƙon 'yan'uwana da abu ɗaya, kada neman tsayi ya sa mu ɗora tanki a kan soron ƙasa. Tanki mai lita 2,000 in ya cika tan biyu ne, zaune a wuri ɗaya dare da rana, ga ɗan yoyon da ba ya rasa yi. Azara ba a yi ta don wannan ba. Maginanmu na da, tun daga Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina Masallacin Juma'a na Fada a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu cikin ƙarni na 19, duk hikimarsu a kan rufi ita ce kada ruwa ya kwana a sama. Shi ya sa ake karkata rufin, a fitar da indararo nesa da bango, a bi da yaɓe kafin damina. Mu kuma mu ɗauko ruwa da kanmu mu ajiye masa mazauni a kan ɗakin da 'ya'yanmu ke kwana, wannan ba dabara ba ce. A kafa masa ƙafafunsa daga ƙasa, a zuba kankare.

Rariya ma darasin nan take koya mana duk Agusta. Ruwa ya sauko da ƙarfi, leda ta toshe rariya, tsakar gida ya cika har ya fara leƙa ɗaki. Maigida ya naɗe wando ya ɗauki sanda ya zungura. Da ta buɗe za ka ji ruwa na fita da ƙugi, can kuma in ya yi ƙasa sai ya dawo yana tafiya a hankali, a ƙarasa da tsintsiya. Masu gyaran gida su riƙe wannan: in aka ninka faɗin bututun rariya sau biyu, ruwan da zai wuce ya ninka sau huɗu. Ɗan bambancin kuɗin da ke tsakanin ƙaramin bututu da babba bai kai kuɗin gyaran bangon da ruwa ya ci gindinsa ba.

To yanzu bari mu zo kan famfon gwamnati, inda halinmu ya fi fitowa fili. An kashe dukiya mai yawa a kan ruwan Zariya. An gina madatsar Galma a Kuzuntu ta Ƙaramar Hukumar Kubau, a 2017 kuma aka buɗe sabuwar matata mai iya tace lita miliyan 150 a kullum, Bankin Raya Afirka da Bankin Musulunci suka sa hannu a aikin bututu da manyan tankuna. Duk tsarin a kan abin da muke ta faɗa ya dogara. A tura ruwa zuwa tanki a wuri mai tudu, daga nan nauyinsa ya gangaro da shi gidaje. Kowace huda da ya tarar a hanya tana rage masa ƙarfi, haka ma gogar da yake yi da cikin bututu. Ka lura da jerin famfunan alwala a masallaci ranar Juma'a, in aka buɗe su gaba ɗaya na ƙarshen layi shi ke samun ɗigo. Lungunanmu ma haka suke, wanda ke wutsiyar bututu sai abin da na gaba suka rage.

Me muke yi in ruwa ya zo ba ƙarfi? Sai mu haƙa rami. Ruwan ya kasa hawa kan famfon da ke tsaye, sai a tone ƙasa a bi bututun, a yanke shi a can ƙasa, a sa bokiti cikin ramin. Nan da nan ruwa ya samu, domin an sauke ƙofar fitarsa. Maƙwabci ya ga haka, nasa ya ɗauke ɗungurungum, shi ma ya kira yara da diga su haƙa wanda ya fi zurfi. Kafin shekara ta zagayo lungu ya cika da ramuka, tsoho mai zuwa asuba yana lalube da sanda. Mai hali kuma ya sayo inji ya haɗa kai tsaye da bututun, da an kawo ruwa ya kunna, ya zuƙe na layin duka ya cika tankinsa. In an yi magana ya ce ai kuɗinsa ya sa. Ni dai a ganina wannan shiga haƙƙin maƙwabci ne, kuma a garin da kowane lungu ke da makarantar allo da zauren karatu, bai kamata sai an tsaya yi mana wa'azi a kan haƙƙin maƙwabtaka ba.

Mafi yawan ramukan nan ba su da kan famfo. Tsumma ake cusawa ko ɓawon rake, wani lokaci a bar shi haka nan yana kwarara har a ɗauke. Malam ya yi mana lissafin da ya sa majalisa ta yi tsit. Huda mai faɗin milimita 3, girman kan ashana, a bututun da ruwansa ke gangarowa daga tsayin mita 10, tana zubar da kusan lita 5,000 a kwana ɗaya in ruwan bai yanke ba. Jarka 200 ke nan. Kowa ya auna da kuɗin da yake ba ɗan ga-ruwa a kan jarka ɗaya a watan Afrilu, ya ga abin da ke bin kwata a ƙofar gidansa yana tsallakewa.

Abin da ya fi asarar tayar mini da hankali shi ne abin da ke faruwa bayan an ɗauke ruwa. Muddin bututu na cike da ƙarfi, ta huda ruwa fita yake yi. Da ya zama fanko, ko inji ya zuƙe shi, sai lamarin ya juya, abin da ke waje ya shiga ciki. Mu kuwa mun san ta inda ƙananan bututunmu ke bi, ta cikin kwata da gefen lambatu, wani ma kwance cikin ruwan wanke-wanke. Shi ya sa ruwan farko in an kawo yakan zo da launi da wari. Iyayenmu mata sun saba barin na farko ya zube kafin su tara, kuma sun yi daidai, amma hakan bai isa ba. Ta irin wannan hanya amai da gudawa da taifot ke shiga gidan da ake ganin ruwan famfo ake sha. Wanda ya fasa bututu a cikin kwata don ya sami bokiti biyu, da shi da 'ya'yansa da na ƙasan layi duk abu ɗaya za su sha.

Da bazara kuma wata gardamar ce. Ƙasarmu dutse ne a ƙarƙashi, Kufena da Tukur-Tukur shaida ne, rijiyoyi kuwa daga Maris sai su yi ƙasa. Injin da ke bakin rijiya ya yi ta kuka ba ɗigo, mu ɗauke shi a kan babur mu kai wa mai gyara, ya kwance ya ɗaure ya ce lafiyarsa lau. Lafiyar tasa lau ɗin ce. Injin da ke zuƙa daga sama ba ya iya ɗago ruwan da ya yi nisan mita 10, a aikace ma daga mita 7 zuwa 8 yake sarewa, domin nauyin iskar da ke danna saman ruwan ne ke turo shi cikin tiyo, iyakar ƙarfinta ke nan. Toricellin nan dai shi ya fayyace wannan. Dalilin da ya sa ake zura injin sumo can cikin burtsatse ke nan, shi daga ƙasa yake turowa, bai damu da wannan iyaka ba.

Masu gina madatsa da wannan lissafi suke kwana suke tashi. Duk wanda ya je madatsar Kubanni ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru zai ga gindin bangon ya fi samansa faɗi nesa ba kusa ba, domin a can ƙasa danniyar take. Ruwan da aka tare in ya sami hanya ba ya sallama. Mutanen Kano ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a 1988 ba, na Maiduguri kuwa sun ga abin da madatsar Alau ta yi musu a Satumban 2024.

Mu namu bai kai can ba, a lungu yake, kuma gyaransa bai fi ƙarfinmu ba. Kan famfo na roba da ɗan gam ba su kai kuɗin kura biyu ta ruwa ba. Masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin matasa da ke fitowa yashe kwata kafin damina, ku haɗa da wannan: a bi lungu lungu a ɗaga bututun da ke kwance a kwata, a sa kan famfo a kowane rami ko a cike shi, mai inji kuma a zauna da shi cikin mutunci a roƙe shi ya tara ruwa a tankin ƙasa tukuna, daga nan ya tura sama. Kai kuma mai karatu, in ka fita gobe ka ga bututu na tsartuwa a ƙofar gidanku, kada ka tsallake. Ka ɗaure shi da roba, ka sanar da mai unguwa, a kira filamba tun ranar.